Tseren ɓoye saƙo tsakanin hukumomin leƙen asiri da masu bincike a fili: ina aka kwana?

Duk wanda ya aika saƙon murya ta WhatsApp daga Kurna zuwa Jidda, ko ya zura katinsa a na'urar POS a bakin Kantin Kwari, ya yi aiki da wani lissafi da har tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Amurka ke sanya shi a jerin kayan yaƙi, wanda fitar da shi waje babu lasisi kan iya kai mutum gidan yari. Lissafin nan shi ne ilimin ɓoye saƙo, wato a juya magana ta koma tarkacen lambobi yadda babu mai karanta ta sai mai mabuɗi. Ana yawan tambaya, a aji ko a majalisa: tsakanin hukumomin leƙen asiri na manyan ƙasashe da masu bincike na jami'o'i da kamfanoni, wa ya fi sanin wannan fanni? Wasu sun ɗauka duk abin da ke hannunmu tuni Amurka ta san yadda ake buɗe shi. Wasu kuma sun haɗiye tallan kamfanoni ba tare da taunawa ba. A nawa ganin, a lissafin kansa ratar da gwamnati ta ba kowa ta ragu ƙwarai, har akwai inda aka sha gabanta. Sai dai gasar ba ta mutu ba, fili ta sauya, kuma a sabon filin ƙasashe masu saye irin tamu ne suka fi jin jiki.

Tun asali sana'ar fada ce. Al-Kindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9 a ƙarƙashin halifofin Abbasiyya, shi ne ya fara rubuta yadda ake fasa ɓoyayyen saƙo ta ƙirga haruffa: alamar da ta fi yawa a saƙon, da alama ita ce ta tsaya a madadin harafin da ya fi yawa a harshen. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara shigewa hannun hukuma. Amurka ta kafa hukumar leƙen asirin sadarwa ta NSA a 1952, Birtaniya na da takwararta GCHQ, suka kwashe gwanayen lissafi suka turo ƙofa. Bankuna ne suka sa aka buɗe ta. Da kuɗi suka fara tafiya tsakanin kwamfutoci ta layin waya, ya zama dole a sami tsarin ɓoyewa guda ɗaya da kowane banki zai yarda da shi, kuma ba za a ce sai mai izinin soja ne zai gan shi ba.

Daga nan aka sami DES, wanda kamfanin IBM ya ƙera, gwamnatin Amurka ta amince da shi a matsayin ma'auni a 1977. A nan ya kamata a tsaya, domin halin da gwamnati ta nuna a kan DES shi take nunawa har gobe. NSA ta sa hannu a abubuwa biyu. Na farko tsawon mabuɗi. Ana auna mabuɗi da bit, kowane bit ɗaya da aka ƙara yana ninka yawan mabuɗan da mai fasawa zai gwada sau biyu. Tarihin cikin gida na NSA da aka saki daga baya ya nuna hukumar ta so bit 48, IBM ta so 64, aka daidaita a 56. Wannan na nufin mabuɗai kusan biliyan 72 sau miliyan ɗaya. A wancan zamani adadi ne da ya fi ƙarfin ɗan damfara da ƙaramin kamfani, amma bai fi ƙarfin gwamnatin da ke iya gina na'ura ta musamman ba. Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford sun faɗi haka tun lokacin, aka ce suna zuzuta abu. A 1998 EFF, ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet a Amurka, ta haɗa na'ura a kan abin da bai kai dala 250,000 ba, ta gano mabuɗin DES cikin awa 56.

Abu na biyu shi ne wasu jadawalai takwas da ke cikin DES, waɗanda ke musanya lambobi a kowane zagaye daga cikin zagaye 16. An tsara su ba tare da an bayyana dalilin zaɓin lambobin ba, aka shafe shekaru ana zargin an bar ɓarauniyar hanya a ciki. Sai a 1990 wasu masana biyu na Isra'ila, Eli Biham da Adi Shamir, suka fito da sabuwar dabarar fasawa: a ɗauki saƙonni biyu masu ɗan bambanci kaɗan, a bi sawun yadda bambancin ke yaɗuwa zagaye bayan zagaye, har ya tona wani ɓangare na mabuɗi. Dabarar ta karya tsare-tsare da dama, amma da aka gwada ta a kan DES sai aka tarar jadawalan nan kamar da ita aka tsara su. A 1994 Don Coppersmith na IBM ya tabbatar cewa sun san dabarar tun 1974, aka nemi su yi shiru. Ke nan a wancan lokaci na cikin ɗaki sun riga na waje da kusan shekara goma sha shida. Kuma a lura da abin da hukumar ta yi: ta ƙarfafa tsarin a kan wayon da wani zai iya ganowa, ta raunana shi a kan ƙarfin aljihu, wanda ita kaɗai ke da shi. Dalili kuwa aiki biyu masu karo da juna aka ɗora mata, ta kare saƙonnin ƙasarta, ta kuma karanta na wasu. Muddin kowa na amfani da tsari ɗaya, ba za ta iya cika ɗaya ba sai ta tauye ɗayan.

A daidai wannan lokaci aka warware matsalar da ta fi kowace tsufa: yaya mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yarda a kan mabuɗi ɗaya alhali ana sauraren su? A ɗauka ɗan kasuwa a Kwari ya rarraba buɗaɗɗun kwaduna ga abokan cinikinsa na Agadas da Ndjamena. Kowa na iya sa saƙo a akwati ya datse kwadon, amma makullin na aljihun mai shago shi kaɗai. Diffie da Hellman suka wallafa tunanin a 1976, sannan a 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na MIT suka fito da RSA. Sirrinsa shi ne ninka manyan lambobi biyu da ba sa rabuwa abu ne mai sauƙi, amma a ba ka sakamakon a ce ka nemo su, wannan jan aiki ne. Mabuɗin RSA mai bit 2048 lamba ce mai alƙaluma 617. Wadda aka fasa a fili a 2020, har ta zama abin labari a tsakanin masana, mai alƙaluma 250 ce, kuma ta ci aikin da ya kai shekara 2,700 na ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya.

Sai a Disamban 1997 duniya ta ji cewa GCHQ ta riga su. James Ellis ya kawo tunanin a 1970, Clifford Cocks ya gano abin da ya yi daidai da RSA a 1973, Malcolm Williamson ya gano irin na Diffie da Hellman a 1974. Ellis ya rasu makonni kaɗan kafin a bayyana sunansa. Ratar a nan shekara biyu zuwa shida ce kawai, kuma ba ta tsinana wa Birtaniya komai ba, domin abin ya kwanta a cikin fayil. Waɗanda suka wallafa nasu aka yi ta suka da gyara, su ne suka kafa harsashin kasuwancin intanet gaba ɗaya.

Da gwamnatin Amurka ta ga ilimin ya kuɓuce mata, sai ta koma ga doka. Manhajar da za a sayar a waje ba za ta wuce bit 40 ba, wato mabuɗai tiriliyan ɗaya da ɗoriya. A 1995 wani mai bincike a Faransa, Damien Doligez, ya fasa irin wannan mabuɗi na burauzar Netscape cikin kwana takwas da tarin kwamfutoci. Phil Zimmermann, wanda ya saki manhajar ɓoye saƙo ta PGP kyauta a 1991, ya sha bincike na shekara uku kan zargin karya dokar fitarwa kafin a janye maganar a 1996. A 1993 kuma gwamnatin Clinton ta kawo Clipper, wani ɗan guntun lantarki da za a sa a wayoyi, wanda kwafin mabuɗinsa zai zauna a hannun hukuma. Kowace waya za ta aika wani ƙunshi da ke ba jami'ai damar buɗe hirar, kuma wayar da ke ɗaya ɓangaren za ta ƙi karɓa idan ƙunshin na bogi ne. Matt Blaze na kamfanin AT&T ya duba a 1994 ya ga alamar tantance ƙunshin bit 16 ce kacal, wato gwaji 65,536 ya isa a ƙirƙiri na bogi da zai wuce. Mai laifi zai yi hirarsa a ɓoye, hukuma ta tashi a tutar babu, mai gaskiya kuma shi ne mabuɗinsa ke ajiye a hannun wasu. Clipper bai ƙara tashi ba. A farkon 2000 aka sassauta dokar fitarwa.

Wannan babi na raunana kayan fitarwa shi ya fi shafar mu, kuma ba Amurka kaɗai ta yi ba. Tsarin GSM, wanda ya iso Najeriya a 2001, Turai ce ta tsara shi da hanyoyin ɓoye murya iri biyu, duka a asirce: A5/1 na gida, da A5/2 da aka raunana da gangan domin sayarwa a wasu yankuna. Da masu bincike suka tono A5/2 a 1999, cikin wata guda suka karya shi. Shi kansa A5/1 mabuɗinsa bit 64 ne a takarda, amma a aikace an daɗe ana mayar da bit 10 sifili, saura 54. Zuwa 2010 Karsten Nohl da abokan aikinsa sun fitar da jadawalai na kusan terabait biyu da ke fasa shi da kwamfuta ta gama-gari. A 2021 wasu masana a Turai suka nuna cewa GEA-1, wanda ke kare bayanan intanet na GPRS, wato intanet ɗin layin 2G, ƙarfinsa na gaskiya bit 40 ne maimakon 64, kuma yadda raunin ya zauna ba zai yiwu a ce haɗari ne ba. A 2023 masu bincike na Midnight Blue a Holan suka buɗe TETRA, tsarin rediyon 'yan sanda da ma'aikatu a ƙasashe da yawa, suka tarar nau'in TEA1 yana karɓar mabuɗi mai bit 80 ya matse shi ya koma 32, abin da laftof ke fasawa cikin mintuna. Tsarin ya yi shekaru fiye da ashirin a kasuwa babu wanda aka bari ya duba cikinsa.

Mafi muni shi ne labarin Crypto AG, kamfanin Suwizalan da ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙon ofisoshin jakadanci da na soja. A Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus suka bayyana cewa tun 1970 CIA da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma ne suka mallaki kamfanin a ɓoye. Iran da Libiya da Ajantina da Indiya da Pakistan duk sun biya kuɗinsu sun sayi na'urar da ake karanta musu saƙo da ita. Sun saya ne domin an ce Suwizalan 'yar ba-ruwanmu ce.

Ragowar wannan zamani na nan tare da mu. Ƙananan wayoyi masu madannai da ake sayarwa a Farm Centre da titin Beirut galibi 2G suke hawa, kuma a 2G waya ba ta tantance ko turken da take magana da shi na gaskiya ne. Mai turken bogi zai iya jawo ta ya umarce ta ta kashe ɓoyewa gaba ɗaya. Lambobin USSD da ake tura kuɗi da su ba su da wata kariya tasu daga waya zuwa banki, da kariyar layin suka dogara. Shi ya sa daga Android 12 aka sa maɓallin kashe 2G a wayoyin da ke goyon bayansa, kuma mai hulɗar kuɗi masu nauyi gara ya yi ta manhajar banki. Su ma Amurkawa abin ya dawo kansu: a 2015 hare-haren FREAK da Logjam suka nuna ana iya yaudarar burauza da saba (kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet) su koma tsofaffin mabuɗan fitarwa masu bit 512 da aka manta ba a cire ba, shekara goma sha biyar bayan an sassauta dokar da ta haife su.

Inda al'amari ya juya shi ne 1997, lokacin da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta buɗe gasa a fili domin maye gurbin DES. Tsare-tsare 15 suka shiga daga ƙasashe daban-daban, kowa ya baje nasa, kowa ya yi ƙoƙarin karya na ɗan'uwansa, aka tace zuwa biyar. A Oktoban 2000 aka zaɓi na wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, ya doke har na IBM. Shi ne AES, mai mabuɗi na bit 128 ko 192 ko 256. A 2003 gwamnatin Amurka ta amince a kare manyan asiranta da shi. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu cewa ai duk sun san yadda ake buɗewa: hukumar da ta san akwai rami a tsari ba za ta zuba nata asirin a ciki ba, alhali Rasha da Sin na da nasu gwanayen. A ɓangaren tambarin tantance fayil kuwa, wato gajeriyar lamba da ake lissafowa daga fayil domin a gane ko an taɓa shi, na waje ne suka kama na ciki. SHA-1 ƙirar NSA ce ta 1995. Farfesa Wang Xiaoyun ta ƙasar Sin da tawagarta suka nuna rauninsa a 2005, sannan a 2017 Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fito da fayiloli biyu mabambanta masu tambari ɗaya. Wanda aka zaɓa a gasar SHA-3 a 2012 ma daga Turai ya fito, kuma Daemen na cikin masu shi.

To ina gwamnati ta koma? Ta koma inda ido bai cika kaiwa ba, kuma babu misalin da ya kai Dual_EC_DRBG, wani injin lissafi na zaro lambobi. Kowane mabuɗi daga lambobin da ba a iya hasashensu ake ƙera shi. Idan injin da ke zaro lambobin ya lalace, ƙarfin AES bai da amfani, domin maharin ba fasa mabuɗi zai yi ba, sake ƙera shi zai yi. A 2006 NIST ta saka wannan inji cikin ma'auninta. Yana aiki da ɗigo biyu na lissafi, P da Q, waɗanda aka bayar haka nan babu bayanin inda suka fito. A 2007 Dan Shumow da Niels Ferguson na Microsoft suka nuna cewa duk wanda ya san lambar sirrin da ke haɗa P da Q, in ya ga bait 32 (bait ɗaya bit takwas ne) na abin da injin ya fitar, zai iya lissafa duk abin da zai fitar nan gaba. Injin bit 16 kawai yake yankewa daga kowane sakamako, wanda gwaji 65,536 ke cikewa, kuma a farkon kowace hulɗa ta TLS, tsarin da ke kare hulɗar burauza da shafin intanet, ana aika irin waɗannan lambobi a fili. Ga shi kuma ya fi takwarorinsa nauyi nesa ba kusa ba, babu dalilin da injiniya zai zaɓe shi. Takardun sirrin NSA da Edward Snowden ya fallasa a 2013 suka ƙarfafa zargin cewa hukumar ce ke riƙe da lambar sirrin, Reuters kuma ta ruwaito cewa NSA ta biya kamfanin RSA Security dala miliyan 10 a yarjejeniyar da ta sa injin ya zama zaɓin farko a manhajarsa ta BSAFE. Kamfanin ya musanta cewa da saninsa ya raunana kayansa. NIST ta janye injin a 2014.

Ƙarshen labarin ya fi farkonsa daɗin nazari. A Disamban 2015 kamfanin Juniper, mai ƙera na'urorin tsaron hanyoyin sadarwa, ya sanar cewa an shigar da baƙon rubutu cikin manhajarsa ta ScreenOS. Da masana suka duba, sai suka ga wani ya sauya lambar Q ya sa tasa. Bai gina ɓarauniyar hanya ba, ya tarar da ita a gine ya canza mata makulli. Duk lokacin da wata gwamnati ta ce a ba ta hanyar shiga ta musamman domin kama 'yan ta'adda, kamar yadda FBI ta nema daga Apple a 2016, ko matsin da ya sa Apple ta janye babbar kariyar iCloud daga Birtaniya a Fabrairun 2025, wannan ne amsar da injiniyoyi ke bayarwa. Buƙatar jami'an tsaro ta gaskiya ce, mu da muke fama da masu garkuwa da mutane ba sai an faɗa mana ba. Amma har yau babu wanda ya nuna yadda za a gina hanyar da mutumin kirki kaɗai zai bi.

Sauran ƙarfin gwamnati na ga kuɗi da haƙuri da kutse cikin na'urar kanta. Manhajar leƙen asiri ta Flame da aka gano a 2012 ta yi jabun sa hannun Microsoft da wata dabarar karya MD5, wani tsohon tambarin tantance fayil, da masana na fili ba su taɓa ganin irinta ba, alamar cewa har yanzu akwai gwanaye a cikin ɗaki. Amma galibi ba a wahalar da kai da lissafi. WhatsApp ya kammala sanya tsarin ɓoyewa na manhajar Signal ga kowa a Afrilun 2016, saƙo na fita a rufe ya isa a rufe, to sai a shiga wayar a karanta shi kafin a rufe. Abin da manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta kamfanin NSO ke yi ke nan, kuma a 2019 WhatsApp ya kai kamfanin kotu kan kutsen wayoyi kusan 1,400. A lura NSO kamfani ne mai zaman kansa da ke sayar wa gwamnatoci. Kuma makaman da hukuma ke tarawa kan tsere mata: EternalBlue, makamin kutse na NSA, ya fita a Afrilun 2017, wata guda bayan haka WannaCry, harin kulle kwamfutoci don neman kuɗin fansa, ya yi amfani da shi ya durƙusar da asibitocin Birtaniya.

Kada wannan ya sa a ɗauka 'yan kasuwa waliyyai ne. Kamfani na son ya riga kowa shiga kasuwa, tsaro kuma ba ya ganuwa a kwali. A 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab ta nuna Zoom na iƙirarin kariyar da ba ta da ita. A 2017 aka gano guntayen lantarki na Infineon na ƙera mabuɗan RSA masu rauni, abin da ya sa Istoniya ta dakatar da takardun shaidar katin ɗan ƙasa fiye da 700,000. Su ma masu aikin sa-kai na tuntuɓe: kuskuren Debian, wata manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta, da aka gano a 2008 ya taƙaita mabuɗan da ake iya ƙerawa zuwa kusan 32,000, kuskuren Heartbleed na 2014 kuma ya tona cewa manhajar ɓoyewa ta OpenSSL da rabin duniya ke dogaro da ita mutane ƙalilan ne ke kula da ita. Don haka raba fagen gida biyu, gwamnati da 'yan kasuwa, bai kama gaskiya ba. Tor, tsarin ɓoye sawun mai hawa intanet, daga ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ya samo asali, kuma kuɗin gwamnatoci ne ke ɗaukar yawancin binciken jami'o'i. Layin da ya raba mai kyau da marar kyau shi ne ko an baje tsarin a fili an bar masu son karya shi sun gwada, ko an ɓoye an ce a yarda kawai. Auguste Kerckhoffs ya faɗi haka tun 1883: tsari ya zama ko abokin gaba ya san komai nasa, in dai bai da mabuɗi, ba zai iya komai ba. Shi ya sa ƙungiyar ma'aunai ta duniya, ISO, ta ƙi karɓar tsare-tsaren ɓoyewa na Simon da Speck na NSA a 2018, shi ya sa kuma ake ɗari-ɗari da Kuznyechik na Rasha tun da masu bincike irin su Léo Perrin suka gano wani ɓoyayyen tsari a jadawalinsa da masu shi ba su bayyana ba.

Zagayen da ake ciki yanzu na kwamfutar kwantam ne, wata sabuwar irin kwamfuta da ke aiki da ɗabi'ar ƙananan ƙwayoyin zarra. Peter Shor ya nuna a 1994 cewa in aka gina babbar irin wannan kwamfuta, RSA da danginsa sun tashi aiki. AES mai bit 256 zai tsira. Ba a kai ga gina ta ba, amma mai haƙuri na iya tara ɓoyayyun saƙonni yau ya jira ranar buɗewa, kuma gwamnatoci ne ke da rumbun yin haka. NIST ta sake buɗe gasa a 2016 domin nemo tsarin da zai jure wa irin wannan kwamfuta, tsare-tsare 69 suka shiga zagayen farko. A 2022 Ward Beullens ya karya Rainbow, ɗaya daga cikin tsare-tsaren gasar, da laftof cikin kwana biyu da 'yan awoyi, Wouter Castryck da Thomas Decru na Jami'ar Leuven kuma suka karya SIKE cikin kusan awa ɗaya, bayan ya tsallake zagaye uku. Da a ɓoye aka zaɓe su, da yanzu suna cikin na'urori. A 13 ga Agustan 2024 aka fitar da ma'aunai uku na farko. Kamfanoni ma ba su jira ba: Signal ya sa nasa a 2023, Apple ya sa wa iMessage a 2024, kuma dukansu haɗa sabon tsari da tsoho suka yi, yadda sai an karya biyun kafin a kai ga saƙo.

Najeriya ba ta cikin masu tsara waɗannan ma'aunai, saye take yi, kuma a ganina kuskure ne a ce maganin shi ne mu ƙirƙiro namu tsarin ɓoyewa na gida mu rufe shi. Duk ɗan kwangilar da ya zo wa ma'aikata ko banki da tsarin da ya ce shi ya ƙera kuma sirri ne, a sallame shi. Abin da muke buƙata mutanen da za su iya duba abin da aka sayo: masu lissafin lambobi da aljabara daga Jami'ar Bayero da ta Wudil da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, da injiniyoyin da za su buɗe na'ura su ga me take yi. Taron Africacrypt na gudana tun 2008, kuma ƙofarsa a buɗe take ga ɗalibanmu. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a nauyin kare su, amma doka ba ta duba injin zaro lambobi.

Kafin a sa hannu a kwangilar rediyon jami'an tsaro, ko na'urorin POS, ko rumbun bayanai irin na BVN da NIN, a sa mai sayarwa ya rubuta sunan kowane tsari da tsawon mabuɗinsa, ya faɗi ko nau'in fitarwa ne ko irin wanda ake amfani da shi a ƙasarsa. A tambaye shi a ina ake ƙera mabuɗan, wa ke da kwafi, da wane inji ake zaro lambobin, kuma wane ɗakin gwaji mai zaman kansa ne ya duba. Mabuɗan banki su zauna a na'urar ajiye mabuɗi ta musamman da ke goge kanta in an ɓalle ta, a raba ikon buɗe ta tsakanin mutum biyu ko uku. A tabbatar an kashe tsofaffin hanyoyi gaba ɗaya, ba a bar su a matsayin na ko-ta-kwana ba, domin ta nan FREAK ya shiga. 3DES, wato DES da ake maimaitawa sau uku, wanda har yanzu ke cikin tsarin katunan banki da dama, NIST ta daina amincewa da shi wajen sabon ɓoyewa bayan 2023. Sannan a nemi a rubuta cewa za a iya sauya tsarin ta sabunta manhaja ba sai an sayi sabuwar na'ura ba. Wannan sharaɗi na da nauyi, domin sababbin mabuɗan manya ne: mabuɗin X25519 da ake amfani da shi yanzu bait 32 ne, na sabon ML-KEM-768 bait 1,184, sa hannun Ed25519 na yanzu bait 64 ne, na sabon ML-DSA-65 kuwa 3,309. Na'urar POS mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke fama da sabis a Dawanau ranar kasuwa za ta ji wannan bambanci, kuma daftarin NIST ya sa 2030 a fara janye RSA mai bit 2048, a haramta shi bayan 2035. Na'urar da aka saya bana, in za ta yi shekara goma tana aiki, za ta riski wannan wa'adi.